Maki, ƙuri'a ko adashi: yaya za a raba tikitin wasan waje ba a cuci kowa ba?

Tikitin wasan waje takwas aka ba reshenmu na magoya bayan ƙwallo, mutum 31 suka rubuta suna. Ni ne mai riƙe da littafi a lokacin, to ka ga duk wanda bai samu ba ni zai nema, kuma wallahi sati guda wayata bata huta ba, wani ya kira da lallashi wani ya kira da faɗa, wani ma bai kira ba sai dai kawai na ga ya fara amsa gaisuwata ciki-ciki a masallacin Juma'a. Bazan faɗi sunan kulob ɗin da muke goyon baya ba don na san halinmu, ina faɗa maganar zata koma waye ya fi wani kofi, alhali abun da ya dame ni daban ne. Mu dai ƙaramin reshe ne na magoya baya a wani gari da ke tsakiyar Ingila, akwai turawa akwai 'yan Pakistan akwai mu 'yan Afirka, Hausawan ciki bamu wuce bakwai ba, kuma wata mai kamawa zamu zauna mu tsaida doka ɗaya kan rabon nan. Shi yasa na ce bari na baje hanyoyin da na gani da idona a faifai, ko zai amfani wani da ke cikin irin wannan rigima, ko ɗalibin da ya shigo ƙasar yana ta tambaya wai me yasa tikitin wasan waje ya fi bizar ma wahala.

Ga wanda a gidan kallo yake ganin Firimiya, ɗan lungun nan da kyamara ke haskawa idan baƙi suka ci ƙwallo, mutane a tsaitsaye suna ta waƙa ana ruwa ana iska, shi ake wa wannan kokawar. Dokar Firimiya ta ce mai masauki ya ba baƙi tikiti 3,000, idan kuma filin bai kai cin mutum 30,000 ba to kashi 10 cikin 100. Wato ko Old Trafford ka je mai cin mutum sama da 70,000 rabonka kusan dubu ukun nan ne, in kuwa Bournemouth ne da filinsu bai kai 12,000 ba to abun da za a miƙo bai kai 1,500 ba. Wasan waje 19 ne kacal a kaka. A gasar Turai ma abun ya fi matsewa, kashi 5 cikin 100 UEFA ta ce.

Da can kuɗi ne ke tace mutane. A Janairun 2013 Arsenal ta sa wa baƙi fam 62, magoya bayan Manchester City suka mayar da tikiti kusan 900 suka ce ba zasu iya ba, daga nan aka taso da kamfen ɗin cewa fam 20 ta isa, aka yi ta ja-in-ja har a 2016 kulob-kulob ɗin suka amince kar tikitin baƙo ya wuce fam 30. Wannan alheri ne, ni dai da ba don shi ba da ban taɓa leƙa ko'ina ba. Amma tunda kuɗi ya daina zama shinge sai masu nema suka ninka, dambu ya yi yawa baya jin mai, dole a samo wani ma'aunin. A nan ne hanyoyi suka rabu.

Ta farko kuma wadda ta fi yawa ita ce maki. Ka je wasa a rubuta maka, gobe idan tikiti ya fito a fara da masu maki da yawa a gangaro. Liverpool haka take yi, sai kaji an ce yau na waɗanda suka je wasan waje kaza ne a kakar da ta wuce, gobe a sauko da ɗaya, jibi a ƙara saukowa in akwai saura. Newcastle da Manchester City da Chelsea da Tottenham duk suna da nasu salon makin.

Ni ban yarda da masu cewa maki zalunci ne tsagwaronsa ba, saboda na zauna kusa da Baba a bas. Baba wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan tun ban san ina ne Ingila ba, kowa Baba yake ce masa har turawan. Wata Talata cikin hunturu muka tafi wasa can arewa, bas mai cin mutum 49 amma mu 17 ne a ciki saboda kulob ɗin a lokacin baya taɓuka komai, aka ci mu, ruwa ya jiƙa mu sharkaf, muka dawo ƙarfe uku saura na dare. Ina kallonsa ya ciro safa busasshiya daga leda ya canza a cikin bas, ya buɗe filas ya zuba min shayi a murfin, ya ce ɗana sha, ƙarfe bakwai ina da aiki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wannan, ranar da aka kai wasan da duniya ke so sai kace masa ya sa hannu a kwali ɗaya da wanda ya sayi riga jiya? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kuma maki yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba, mutum ya san matsayinsa tun da wuri, zai iya neman hutu a wajen aiki, ya sayi tikitin jirgin ƙasa tun yana da araha, don a ƙasar nan jirgin da ka saya saura kwana biyu zai iya ninka kuɗin tikitin ƙwallon sau uku. Sannan su ne suka san waƙoƙin, su ne ke tada murya idan an zura mana biyu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Maki sai da tikiti ake samu, tikiti kuma sai da maki. Idan kulob na tashe kowane wasa yana ƙarewa tun a hawan sama, to wanda ke ƙasa ba shi da tsanin hawa ko zai shekara goma yana jira, zaman kashin dankali kenan, manya a sama ƙanana a danne. Yaron da aka haifa a 2005 laifinsa kawai bai zo duniya da wuri ba. Mafi muni kuma, tunda kowa na tsoron makinsa ya faɗi, sai mutum ya riƙa sayen kowane tikiti ko ba zai je ba, ya miƙa wa wani a bayan fage. Shi makinsa na ƙaruwa yana kwance a falo, wanda ya sha sanyin kuma a rubuce bai taɓa zuwa ko'ina ba. Na san wani matashi da ya je wasan waje 14 a kaka ɗaya da sunan kawun abokinsa, a kwamfutar kulob sifili ne da shi. Akwai asusun da masu su sun tsufa sun daina fita, wasu ma sun rasu, amma tikiti na fita da sunansu duk sati. To wannan ba ladan wahala bane kuma, gado ne.

Ana rage wannan da sa wa maki wa'adi. Magoya bayan tawagar Sikotland misali wasannin baya-bayan nan kawai ake ƙirga musu, tsoho na zubewa sabo na shiga. Yana da kyau, yana hana mutum cin tsohuwar ajiya. Sai dai wa'adi shi kaɗai baya buɗe ƙofa, don in dai mai asusun zai ci gaba da saye yana miƙawa to makinsa ba zai taɓa zubewa ba.

Hanya ta biyu ƙuri'a. Kowa ya sa suna, kwamfuta ta zaɓa. Manchester United ta fi karkata nan, masu tikitin kaka, wato waɗanda suka biya kuɗin duk wasannin gida na kakar, da suka cika sharuɗɗa suna nema a yi musu ƙuri'a, dukda akwai wani rukuni na tsofaffin matafiya da aka ware wanda damarsu ta fi ta kowa kuma ba a ɗaukar sabbi a ciki. Daɗin ƙuri'a a fili yake, babu babba babu yaro, babu wanda zai ce an yi masa sanayya, wanda ya shigo bana zai iya tsintar kansa a filin da wani ya shekara yana mafarki. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke reshenmu ita yake so ido rufe, kuma na fahimce shi, shekara ɗaya gare shi a ƙasar, digiri na biyu yake, in aka ce sai ya tara maki to har ya koma gida bai ga komai ba.

Ranar da suka yi musu da Baba ina wajen. Ya ce Baba don Allah ku yi haƙuri, ku kun gani sau ɗari, mu sau ɗaya muke roƙo. Baba ya yi shiru ya ce yaro, ranar da muka dawo ƙarfe uku kana ina? Ya ce Baba ai ban samu tikiti ba. Baba ya ce ranar tikiti har ya yi kwantai. Duka su biyun gaskiya suka faɗa ta wani gefen, shi yaron bai ma san ana samun irin wannan ranar ba don ba wanda ya gaya masa, shi kuma Baba ya san cewa masu kukan an hana su yawanci wasa huɗu ko biyar suke nufi, manyan.

Matsalar ƙuri'a zalla kenan. Bari mu yi lissafi na misali, a ce mutum 12,000 suka nema tikitin da ya rage bayan an cire na cirewa 2,400 ne, kowa damarsa ɗaya cikin biyar, a wasa 19 zaka samu kamar huɗu, kuma baka san waɗanne ba. Ba zaka iya shirya komai ba. Abokan da suka saba tafiya tare a mota ɗaya suna raba kuɗin mai sai a wargaza su, in ba an yarda su shiga a matsayin rukuni ba. Tunda neman kyauta ne kowa sai ya nemi komai, har wanda baya da niyyar zuwa, in ya ci ya sayar. 'Yan bumburutu kuma nan suka fi jin daɗi, mutum ɗaya ya buɗe asusu ashirin da sunan mata da 'ya'ya da maƙwabta. Kuma ƙuri'a bata san Talatar hunturu ba, wanda ya je duk wasannin da ba a so da wanda bai je ko ɗaya ba, a babban wasa daidai suke. In ka yi haka shekara biyu zaka ga bas ɗin Talata ta koma mutum tara.

Akwai ta rige-rige, a buɗe shafi ƙarfe goma na safe wanda ya riga ya samu. Wannan bazan ɓata lokaci a kanta ba. Nas da ke bakin aiki da direban bas da mai gadi sun fita kenan, an bar wa mai zaman ofis da mai intanet mai gudu da masu manhajar da ke danna saye cikin ƙiftawar ido. Tana da amfani ne kawai a ƙarshe, idan an gama rabo tikiti ya yi saura.

Ta huɗu ita ce tamu, a ba ƙungiyoyin magoya baya kaso su raba a tsakaninsu. A Glasgow wannan tsohuwar al'ada ce, Celtic da Rangers duk suna da rassa masu bas ɗinsu, wasu ma daga Ailan suke tsallako ruwa duk sati. Manchester City ma tana ware wa rassanta kaso. Alherinta ba kaɗan bane. Reshe ya san mutanensa ido da ido, ya san wanda ke zuwa da gaske, ya san wanda aka kora daga aiki a wannan watan a ɗauke masa kuɗin bas ba tare da an tona masa asiri ba. Mace da ke son zuwa amma bata son tafiyar dare ita kaɗai, uba mai ɗan shekara tara, mutumin da ke zaune nesa da garin kulob ɗin wanda ba zai taɓa iya tara maki irin na 'yan gari ba, duk ta reshe suke samun shiga. Kuma idan wani ya yi rashin ɗa'a a fili akwai wanda za a tambaya.

Illarta kuwa duk Bahaushe ya santa ba sai an yi masa dogon bayani ba, wanda ya taɓa ganin rabon taki ko na kujerar Hajji a hannun mutum ɗaya ya san yadda ake. Duk inda aka ce shugaba ne zai duba ya ga wanda ya dace, to 'yan gaban goshi sun samu. Ba sai shugaban ya zama mugu ba, kunya kaɗai ta isa, wanda kuka ci abinci tare jiya ya kira ka yau da wuya ka ce masa a'a. Ni da kaina ranar tikiti takwas ɗin nan na ba wani don ya taɓa taimakona da na yi ƙaura, na hana wata baiwar Allah da ta fi shi zuwa, har yau abun yana ci na. Sannan masu tikitin kaka da ba sa cikin kowane reshe suna da ƙorafi mai ƙarfi, sun ce don me wanda makinsa bai kai rabin nasu ba zai shiga ta taga don kawai ya biya kuɗin rajistar reshe. Wasu rassan ma suna ne kawai, an buɗe su don tikiti, ba taro ba bas.

Don haka in reshe zai karɓi kaso, dole dokar cikin gida ta zama a rubuce kowa na gani. Nan ne na kawo musu maganar adashi, na yi wa turawan bayani suka ce ai sun gane. A jera suna, na sama ya ɗauka ya koma ƙasa, layi ya matsa. Ba sa'a ba sanayya, kowa ya san kwasarsa na zuwa kuma ya san kusan yaushe. Ga ƙaramin reshe da kowa ya san kowa ban ga abun da ya kai shi kwanciyar hankali ba. Amma mun gwada na wata uku sai ga ɓaraka, mutane suka koyi tsallake layi, idan kwasar mutum ta faɗo kan ƙaramin wasa sai ya ce yana da uzuri a bar shi a sama, yana laɓe yana jiran babban. A adashin kuɗi dubu goma dubu goma ce ko a wane wata, a nan kuwa kwasar ba ɗaya bace. Maganinsa layi biyu, na manyan wasanni daban na sauran daban, a fitar da jerin manyan tun farkon kaka kafin kowa ya san inda sunansa zai faɗa, kuma sharaɗin zama a layin manya shi ne ka je aƙalla ƙanana uku. Wanda ya tsallake sau biyu a jere a ɗauka ya kwasa. Adashi kuma baya son yawa, in kun haura mutum 40 tikiti takwas ne, layin manya zai haura kaka ɗaya kafin ya zagayo, mutane zasu gaji su watse.

Kafin na faɗi wadda na zaɓa akwai wani kaso da ba a son magana a kai. Cikin 3,000 ɗin nan ba duka ke isowa ga masu layi ba, akwai na iyalan 'yan wasa, na ma'aikata, na kamfanonin talla, na masu kujerun alfarma. Ban ce kar a basu ba, uwar ɗan wasa tana da haƙƙin ganin ɗanta. Amma a rubuta adadin a fili wasa bayan wasa. Mu muna ta cin naman juna kan takwas, wataƙila ɗari uku sun bi ta wata ƙofar ba wanda ya tambaya. A sama ma haka ne, wasan ƙarshe na Europa a Baku a 2019 Arsenal da Chelsea 6,000 kowanne aka basu a filin da ke cin sama da 60,000. A Glasgow kuma a 2018 Rangers ta zaftare kason Celtic daga kusan 7,000 zuwa ƙasa da 1,000, Celtic ta rama, har aka zo ana buga wasan ba baƙo ko ɗaya, sai a 2025 aka dawo da kusan kashi 5. Jamus kashi 10 suke ba baƙi a Bundesliga. Wani lokacin faɗan da ya kamata a yi na girman tukunyar ne ba na ludayi ba.

Ni gauraye na zaɓa, amma ba gaurayen a raba biyu kowa ya yi shiru ba. Ƙungiyar matafiyan tawagar Ingila tana ba masu yawan zuwa kashi 70 ta yi ƙuri'a da 30, kuma a ganina wannan awon ya yi kusa da daidai, mafi yawa ga masu wahala, amma ƙofar ta isa mutum ya shiga ba tsaguwar da sai iska ba. Kashi 5 na ƙuri'a da wasu ke bayarwa share hawaye ne kawai, a tikiti 1,300 mutum 65 kenan. Kuma wanda ya ci ƙuri'a ya je dole a rubuta masa maki cikakke, in ba haka ba ƙuri'ar yawon buɗe ido ce ba tsani ba.

A takwas ɗinmu abun da zan kai taro shi ne biyar ta maki na kaka biyu kacal, biyu ta adashi ga duk wanda bai shiga biyar ɗin ba, ɗaya kuma a ajiye wa wanda bai taɓa zuwa ba ko ɗan ƙasa da shekara 21, in babu mai nema ta koma adashi. Makin kuma ba ɗaya ba, wasan da tikiti ya yi kwantai maki biyu, babban wasa maki ɗaya, don kar babban wasa ya riƙa haifar wa mutum wani babban wasan.

Duk wannan ginin banza ne in ba a tsaya kan abu ɗaya ba, a ƙirga wanda ya je ba wanda ya saya ba. Shi ne ginshiƙin. A reshe abu ne mai sauƙi, ana kiran suna a ƙofar bas. A matakin kulob sai da duba katin shaida, Newcastle ta fara binciken ba-zata a 2023, wasu kulob ɗin kuma musamman a wasannin Turai sai ka je garin da kanka ka nuna fasfo kafin a miƙa maka tikitin. Mutane sun yi ta gunaguni kuma wani gunagunin gaskiya ne, layin karɓa na cin lokaci, kuma rayuwa ce, yaro zai iya kwana da zazzaɓi ranar wasa. Saboda haka bincike ba tare da halastacciyar hanyar miƙawa ba shi ma zalunci ne. A bar mutum ya mayar da tikiti a bashi kuɗinsa ba tare da hukunci ba, ko ya tura wa wani mai rajista ta manhajar kulob, makin ya bi wanda ya shiga filin. Da an yi haka matashin nan mai wasa 14 da yanzu yana cikin biyar ɗin farko da sunansa na gaskiya.

In reshenku bai kai mutum 30 ba ku yi adashi mai layi biyu ku huta, lissafin maki zai fi ku wahala. In kulob ɗinku ba kowane wasa ke cika ba maki zalla ya isa, don ƙofa a buɗe take ta ƙananan wasanni. In kuwa kowane wasa ƙarewa yake tun a sama, maki zalla rufe gida ne, sai gauraye.

Kai kuma ɗan'uwa da ka shigo karatu kana da shekara ɗaya, kar ka tsaya jiran Anfield ko Emirates a lig. Nemi wasan kofi, a Kofin FA baƙi har kashi 15 suke samu, a filin 60,000 wajen 9,000 kenan, a Kofin Carabao kashi 10, nan ne tikiti ke gangarowa har ƙasa. Nemi wasan tsakiyar sati mai nisa. Shiga reshen garinku tun satin farko ka riƙa zuwa kallo tare da su ana ganin fuskarka. Kuma don Allah ka guji mutanen da ke tsaye a bakin tasha ko a intanet suna cewa akwai tikiti, sayar da tikitin ƙwallo ba izini laifi ne a dokar Ingila tun 1994, yanzu da yawancinsa a waya yake sau da yawa hoton banza za a tura maka, ka biya fam 200 ka tsaya a ƙofa na'ura ta ƙi ka. Kar kuma ka sayi kujera a cikin 'yan gida ka shiga da rigar baƙi, fitar da kai za a yi.

Da na karanta wa Baba tsarin a waya bai yi musun kujerar sabbin ba, abun da ya tambaya daban ne. Ya ce ɗana, in na tafi Umara goman ƙarshe, ko na je Kumasi wata uku kamar yadda na saba, ko gwiwar nan ta kwantar da ni, makin nawa zubewa zai yi? Ban yi tunanin wannan ba sam, kuma ba shi kaɗai bane, akwai mai jego, akwai wanda ke komawa gida jinyar mahaifiya. Sai na ƙara layi ɗaya a takardar, kowa na da damar dakatar da makinsa sau ɗaya a kaka har tsawon wata huɗu, ya faɗa kafin ya tafi ba bayan ya dawo ba, a lokacin ba ya hawa ba ya sauka kuma ba a sayen tikiti da sunansa. Ɗan Katsina kuma na sa shi ya rubuta sunansa a wasan kofin da za a yi ranar Laraba, bas zata tashi ƙarfe biyu na rana daga bakin tasha, Baba ya ce a gaya masa ya taho da safa biyu.